Motar Farko: Tsakanin Tsohuwar Fijo Da Motar Zamani Mai Ƙwaƙwalwa

A filin sayar da motoci na Berger da ke gefen babbar hanyar Apapa a birnin Ikko, ba shi da wuya a gane mutumin da ya zo sayen motarsa ta farko. Yakan zo ne tare da wani aboki ko ɗan'uwa wanda ake kyautata zaton ya san mota. Yakan zagaya motar sau biyu ko uku yana shafa jikinta, ya leƙa ciki ya duba kujeru da rediyo, sa'an nan ya koma gefe yana sauraro yayin da abokin nasa ya buɗe murfin inji yana kaɗa kai. Kuɗin da ya zo da su kuwa, sau da yawa tarin shekaru ne: adashin ofis, ko rancen ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata, ko ribar da aka daɗe ana ƙullewa daga cinikin albasa a kasuwar Mile 12 ko na shanu a Agege. Idan har ya yi kuskure a wannan rana, to zai ɗauki shekaru yana biyan bashin kuskuren.

Shawarar da irin wannan mutum yake samu takan kasu gida biyu. Dattawan da suka tuƙa mota tun zamanin Fijo za su ce masa da tsohuwar zuma ake magani, ya nemi mota mai sauƙin inji wadda kowane bakanike na bakin hanya zai iya kwancewa ya ɗaure. Matasa kuwa za su nuna masa ta zamani, wadda ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, kuma tana iya shekara ba ta kwana a gareji ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Amma idan aka auna al'amarin da ma'aunin tattalin arziki, za a ga cewa kuɗin da ake miƙawa ranar saye kashin farko ne kawai na abin da mota za ta ci. Sauran yana wurin mai sayar da fetur, da mai sayar da kayan gyara, da bakanike, kuma waɗannan ne suke yanke hukunci a kan ko motar za ta zama abin hutu ko abin wahala.

Zamanin da ma'aikaci ke sayen sabuwa dal

Akwai lokacin da motar farko a ƙasar nan take nufin sabuwar mota wadda ba a taɓa hawa ba. A shekarar 1975 masana'antar harhaɗa motocin Peugeot, wadda jama'a ke kira Fijo, ta fara aiki a Kaduna, a wannan shekarar kuma ta Volkswagen ta fara nata aikin a Ikko, a kan hanyar Badagry. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta haɗa hannu da wasu kamfanonin Turai aka kafa masana'antun manyan motoci a Inugu da Bauchi da Badun da Kano. Wannan ya zo daidai da lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara cikin baitulmali, kuma ƙarin albashin Udoji, wanda aka amince da shi a 1974, ya sa kuɗi a hannun ma'aikata. Ga kuma rancen sayen mota da ake bai wa ma'aikacin da ya kai wani matsayi, ana cirewa a hankali daga albashinsa. Sabon mai digiri yakan iya mallakar Volkswagen Beetle, wadda Yarabawa suka laƙaba wa suna Ijapa, wato kunkuru, cikin ɗan lokaci da kama aiki.

Sarauniyar wancan zamani ita ce Peugeot 504. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta mayar da ita motar manyan jami'an gwamnati a ƙarƙashin manufar rage almubazzaranci. Tsayin ƙafarta da juriyarta ga ramuka sun sa ta dace da hanyoyin ƙasar nan, har ta kai ga an ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna zuwa tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara 20 bayan an daina yin salun ɗinta a Faransa. Babban sirrinta shi ne yawanta. Da yake kowace tasha cike take da ita, kowane gari yana da bakaniken da ya ƙware a kanta, kuma kowane shagon kayan gyara yana da abin da take bukata.

Wannan yanayi ya fara gushewa ne da faɗuwar farashin ɗanyen mai a farkon shekarun 1980, sa'an nan shirin gyaran tattalin arziki na SAP, wanda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a 1986, ya ƙarasa shi. A 1985 Naira ɗaya ta ɗan fi Dalar Amurka ɗaya daraja a farashin gwamnati. A 1987 sai an ba da kimanin Naira 4 kafin a samu Dala ɗaya, zuwa 1993 kuwa kusan Naira 22. Masana'antun harhaɗa motoci, waɗanda mafi yawan kayan aikinsu daga waje ake shigo da su, suka kasa riƙe farashi, albashi kuma ya kasa bin sawun farashin. Tun daga lokacin sabuwar mota ta zama ta gwamnati da manyan kamfanoni da attajirai.

Shigowar tokunbo

Gurbin da sabuwar mota ta bari, motocin gwanjo na ƙasashen waje ne suka cike shi. A Kudu maso Yamma ana kiran su tokunbo, kalmar Yarabanci mai nufin abin da ya ƙetaro teku. A wasu wuraren ana ce musu Beljiyam, domin da yawansu ta tashar jiragen ruwa ta Antwerp suke tasowa, ko kuma 'yan Kwatano, saboda shekaru da dama ta tashar Kwatano ta Jamhuriyar Benin suke sauka kafin a tsallako da su, har zuwa lokacin da Gwamnatin Tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairu, 2017. Da yake tun watan Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motocin da sitiyarinsu ke hagu ne suka dace da ita. Wannan shi ne dalilin da ya sa mafi yawan Toyota da Honda da ke kan titunan ƙasar nan daga Amurka da Kanada da Turai suke zuwa, duk da cewa kamfanonin na Japan ne.

Wani rahoto da Hukumar Kare Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo kimanin miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, kuma nahiyar Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma, wato kimanin kashi 40 cikin ɗari. Ma'anar wannan ga mai sayen motar farko ita ce, abin da yake kira motar zamani, a gaskiya mota ce da wani ya gama hawa a wata ƙasa shekaru goma ko goma sha biyar da suka wuce. Sunayen da 'yan kasuwa suka raɗa wa motocin, irin su Pencil da Big Daddy da Muscle ga Toyota Camry, ko End of Discussion ga Honda Accord, su ne kalandar da ake gane shekarun mota da ita a kasuwa. Saboda haka zaɓin da ke gaban mai ƙaramin ƙarfi yana tsakanin tsohuwa ce da wadda ta fi ta tsufa.

Abin da ya canja a cikin inji

Bambancin da ke tsakanin motocin biyu ya fi yawa a ƙarƙashin murfin inji. Tsohuwar mota irin su 504 da Beetle da kafireto take aiki, wato na'urar da ke gauraya iska da fetur ta hanyar ƙarfe da bawul kawai, wuta kuma tana bi ta kwantak da kondensa zuwa fulogi. Duk abin da ya lalace a nan ido yana ganinsa, kunne yana jinsa. Bakanike zai kwance kafireto ya wanke da fetur, ya hura, ya goge kwantak, ya daidaita fulogi, mota ta tashi. Idan batir ya mutu a tsakiyar daji, fasinjoji su sauka su tura, direba ya saki kuloci a giya ta biyu, tafiya ta ci gaba. Illarta ita ce tana bukatar wannan hidima a kai a kai, tana shan mai, kuma da safe a lokacin sanyi sai an lallashe ta.

Motar zamani kuwa ƙaramar kwamfuta ce ke tafiyar da injinta, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwar mota. Na'urori masu yawa da ke manne a jikin inji suna aika mata bayani a kan zafin ruwa da yawan iskar da ke shiga da irin hayaƙin da ke fita, ita kuma tana auna ɗigon fetur ɗin da injekta za ta fesa a kowane lokaci. Wannan awo ne ya sa take cin mai kaɗan. Tun daga motocin shekarar 1996, doka a Amurka ta wajabta a sa wa kowace ƙaramar mota wata kafa da ake jona na'urar bincike, wadda ke karanta lambar cutar da ke damun motar. Fitilar nan mai siffar inji da ke kamawa a gaban direba, wadda wasu ke rufewa da baƙin tef don kada ta dame su, sanarwa ce cewa kwamfutar ta ga matsala kuma ta rubuta ta. Bakaniken da ba shi da na'urar karantawa, ko yake da ita amma bai san fassarar abin da ta nuna ba, sai dai ya yi ta canja kaya ɗaya bayan ɗaya, mai mota yana biya, har a dace.

A nan ne yawancin motocin zamani suke haɗuwa da ajalinsu, domin ana yi musu maganin da aka saba yi wa tsofaffi. Misali na farko shi ne cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwan lagireto har sai inji ya yi ɗumi. An daɗe ana cewa na ƙasashen sanyi ne, ba shi da amfani a nan. Amma injin zamani an tsara shi ne ya yi aiki a zafin da ya kai kimanin digiri 90, kuma idan aka cire bawul ɗin aka haɗa fanka kai tsaye, kwamfuta takan ɗauka cewa har yanzu injin bai yi ɗumi ba, sai ta ƙara masa fetur. Misali na biyu shi ne baƙin mai. Mai kauri irin 20W-50 ya dace da tsohon inji, alhali injunan zamani da yawa an yi su ne don mai tsinkakke irin 5W-30 ko 0W-20, wanda zai iya ratsa ƙananan hanyoyin da ke cikinsu. Na uku shi ne zuba ruwan rijiya ko na famfo a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji, abin da ke jawo tsatsa da toshewa. Haka kuma giyar otomatik kowace iri da man da aka tsara mata, kuma zuba mata wani daban yana iya kashe ta cikin 'yan watanni.

Akwai kuma tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda kanikawa suka raɗa wa suna Indomie saboda cikinta ya yi kama da taliyar. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake farke ta a sace cikin, wani lokaci tun kafin motar ta iso hannun mai saye, wani lokaci kuma a gareji. Motar da aka cire wa wannan tukunya tana fitar da hayaƙi mai guba fiye da ƙima, kuma fitilar gargaɗinta ba ta mutuwa. Ingancin fetur ma yana da nasa tasirin. A watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Turai, masu motoci a Ikko da Abuja sun yi ta kokawa a kan lalacewar injunansu, sa'an nan janye man daga kasuwa ya haddasa dogayen layuka na makonni.

Lissafin aljihu

Har zuwa 2023, tallafin man fetur ya ɓoye wa masu motoci ainihin tsadar motar da ke shan mai. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin, farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kimanin Naira 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa watan Oktoban 2024 kuwa ya kai kimanin Naira 1,000. A ɗauka, alal misali, ma'aikaci yana tafiyar kilomita 1,000 a wata, tsohuwar motarsa tana cin lita 13 a kowane kilomita 100, ta maƙwabcinsa kuwa tana cin lita 8. A farashin Naira 1,000, na farko zai kashe Naira 130,000 a wata, na biyu Naira 80,000. Tazarar Naira 50,000 a wata ta zama Naira 600,000 a shekara. Idan aka tuna cewa mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne, za a fahimci dalilin da ya sa motoci masu manyan injuna suka yi ta kwana a ƙarƙashin tamfol a gidajen ma'aikata.

Ta fuskar mai ke nan, inda motar zamani ta yi rinjaye. Ta fuskar gyara kuwa lissafin yana juyawa. Tsohuwar mota tana karɓar kuɗi kaɗan kaɗan amma kullum, yau fulogi, gobe fanbel, jibi birki. Ta zamani takan yi shiru na tsawon lokaci, amma ranar da ta buɗe baki, abin da za ta nema yana iya cinye albashin watanni: giyar otomatik, ko kwamfutar inji, ko batirin motar nan mai haɗa fetur da lantarki. Ga mai albashi wanda ba shi da ajiya, irin wannan babban kuɗi na lokaci ɗaya ya fi haɗari, domin shi ne ke sa a ajiye mota a kan duwatsu har tayoyinta su ruɓe. Kusan duk waɗannan kaya da Dala ake sayo su. Bayan da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, Dalar da take kimanin Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024, kuma kowane kaya da ke kan kanta a kasuwar Ladipo ya bi ta.

Faɗuwar darajar Naira ta haifar da wani ruɗi wanda ya kamata mai saye ya yi hattara da shi. Mutane da yawa sun sayar da motocinsu a 2024 a kan kuɗin da ya fi wanda suka saye su shekaru uku ko huɗu kafin nan, har wasu suka fara ɗaukar mota a matsayin jari kamar fili ko gida. Amma wanda ya sayar ya koma kasuwa don ya sayi irinta, sai ya tarar kuɗin ba su isa ba. Motar ta ci gaba da tsufa kamar yadda ta saba, Naira ce ta fi ta saurin zubewa. Ga kuma tsadar bashi. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 34 cikin ɗari, saboda haka rancen banki don sayen motar hawa ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata. Wannan ne ya sa har yanzu ake sayen mota da kuɗi a dunƙule, kuma ake kwashe duk abin da aka tara a zuba a kanta.

Idan aka haɗa waɗannan duka, abin da ke fitowa fili shi ne darasin da 504 ta koyar tun farko: motar da ta fi arha wurin riƙo ita ce wadda ta fi yawa a kan titi. Yau ita kanta 504 ta rasa wannan matsayi, kayanta na asali sun yi wuya, kanikawan da suka san ta kuma suna tsufa. Matsayin ya koma kan motoci irin su Toyota Corolla da Camry da Honda Accord da Volkswagen Golf na ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000, waɗanda suke da kwamfuta amma ba ta yi yawa ba, kuma kayansu suke a tare a Ladipo ta Ikko, da Nkwo ta Nnewi, da Agodi Gate ta Badun, da Apo ta Abuja, da Panteka ta Kaduna. Inda masu sayarwa suka yi yawa, gasa tana karya farashi. Wanda ya sayi motar da ba kowa ke da irinta ba domin ya burge, zai tarar mutum ɗaya ne ke da fitilarta a duk kasuwa, kuma shi ne zai yanka farashin da ya ga dama.

Kasuwar da mai saye bai san abin da yake saye ba

A shekarar 1970 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, wanda daga baya ya samu lambar yabo ta Nobel a 2001, ya yi amfani da kasuwar motocin gwanjo wajen bayyana wata matsala. Mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba. Saboda tsoron kada a cuce shi, mai saye ba ya yarda ya biya farashin mota mai kyau, wannan kuma yana sa masu motoci masu kyau su janye, a bar kasuwa da marasa kyau. Duk wanda ya taɓa zuwa filin sayar da motoci a ƙasar nan ya ga wannan da idonsa. Wasu daga cikin motocin da ake shigowa da su an saye su ne a gwanjon kamfanonin inshora na Amurka bayan sun yi haɗari ko ambaliya ta shanye su, aka gyara jiki aka fesa fenti. Ana kuma mayar da agogon kilomita baya. Motar da ruwa ya taɓa shanyewa ita ce mafi sharri a cikin na zamani, domin wayoyinta da kwamfutarta sukan ci gaba da ruɓewa a ɓoye.

Sai dai zamani ya kawo maganin wani ɓangare na wannan matsala. Kowace mota da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1981 tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani ta gilashin gaba a gefen direba. Da wannan lamba ana iya binciko tarihin motar ta intanet a kan kuɗi kaɗan, a ga ko ta taɓa yin haɗari da kuma kilomitar da ta yi kafin ta baro can. Haka kuma jona na'urar bincike kafin a biya kuɗi, da ɗaga motar a duba ƙarƙashinta, da gwada ta a kan hanya har inji ya yi zafi, duk ba su kai kuɗin taya ɗaya ba. Sharaɗin kawai shi ne bakaniken da zai duba ya zama na mai saye, wanda ba ya jiran la'ada daga dillali. Araha ba ta ado, kuma motar da farashinta ya faɗo ƙasa da na 'yan'uwanta sosai akwai dalili.

Takardu ma suna da nasu nauyin. Motar da ba a biya mata cikakken kuɗin fito ba, jami'an kwastan suna iya kama ta a kan hanya ko da ta wuce hannu uku, kuma wanda aka same ta a hannunsa shi ne zai yi asara. Bayan rajista da lamba da takardar lafiyar mota da lasin tuƙi, akwai inshorar dole ta kare haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna, wadda Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta ɗaga kuɗinta ga motar hawa daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 daga watan Janairun 2023, tare da ɗaga diyyar ɓarnar dukiya zuwa Naira miliyan 3.

Abin da ba a sa wa farashi

Akwai fanni guda da tsohuwar mota ba ta da abin cewa a cikinsa, shi ne kare rai. Masu yabon motocin da sukan ce ƙarfensu ya fi kauri, mota takan yi karo ta fito ba ta lotse ba. Amma injiniyoyi sun gano cewa idan jikin mota bai lotse ya shanye ƙarfin karo ba, to jikin mutanen da ke ciki ne zai shanye shi. Saboda haka da gangan ake ƙera gaban motar zamani da bayanta su murƙushe, a bar ɗakin fasinja da ƙarfinsa. Ga jakar iska, wadda ta zama dole ga direba da na gefensa a ƙananan motocin Amurka tun daga na 1998, ga birkin da ba ya kulle taya, ga na'urar hana mota juyawa a kwana, wadda ita ma ta zama dole a can daga na 2012. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura ɗamara a watan Janairun 2003. Magidancin da zai riƙa ɗaukar iyalinsa daga Ikko zuwa gida a lokacin Salla ya kamata ya sa wannan a cikin lissafi, ya kuma tabbatar cewa jakar iskar motar da zai saya tana nan, domin a motocin da suka taɓa haɗari akan rufe gurbinta ne kawai.

Jan aikin da ke gaba

Gwamnatoci daban-daban sun yi ƙoƙarin mayar da ƙasar nan zamanin sabuwar mota. Manufar bunƙasa masana'antun motoci ta 2013 ta ɗora haraji mai nauyi a kan motocin da ake shigowa da su don a ƙarfafa masu harhaɗawa a gida, kamfanin Innoson yana ƙera motoci a Nnewi tun 2010, kuma a 2022 aka sake fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a wata sabuwar masana'anta ta haɗin gwiwa da kamfanin Dangote. A 2023 kuma aka ƙaddamar da shirin mayar da motoci su yi amfani da iskar gas ta CNG don rage kuɗin mai, ko da yake fashewar wata tukunyar gas ta bogi a jikin wata mota a birnin Benin a watan Oktoban 2024 ta nuna haɗarin kai irin wannan aiki wurin waɗanda ba a amince da su ba. Duk da haka, muddin babu rance mai sauƙin ruwa na shekaru, sabuwar mota za ta ci gaba da zama nesa da mai albashi.

Abin da ya fi gaggawa, kuma ya fi arha, shi ne horar da kanikawa. Yawancinsu sun koyi sana'ar ne a hannun iyayen gidan da suka tashi da kafireto, alhali motocin da ke shigowa garejinsu yanzu suna bukatar wanda zai iya karanta na'ura da taswirar wayoyi. Makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin kanikawa da hukumar bunƙasa masana'antar motoci suna da rawar takawa a nan, domin duk injin da ya mutu saboda kuskuren gyara, Dala ce za a sake fitarwa a sayo wani.

Shi kuwa mai neman motar farko, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ya nufi filin Berger ya kamata ya fara zagayawa garejin unguwarsu ya ga irin motar da bakanikensa ya ƙware a kai, ya shiga kasuwar kayan gyara ya tambayi farashin giyarta da fitilarta da shokozobarta, ya lissafa man da zai sha a wata ya auna da albashinsa. Sa'an nan ya ware wani kaso na kuɗin da ya tara ya ajiye a gefe, domin kusan kowace motar gwanjo tana bukatar sabbin tayoyi da batir da canjin mai a watanninta na farko, ga kuma kuɗin rajista da inshora da ke jiran sa tun kafin ya kai ta gida.